Daga dosiyen BCL zuwa wayar salula: wa ke riƙe da asirin ɗan kasuwa da ma'aikaci?

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar hanya a Madawa lokacin da albasa ta fito, ya ga wani abu da sabo ya sa aka daina mamakinsa. Ana loda wa babbar mota buhu ɗaruruwa, ta kama hanyar Akra ko Kumasi, Abijan ko Kwatano, alhali sau da yawa manomin da ya sha wahalar ban ruwa a kwarin Tarka bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Babu takarda, babu sa hannu, babu tambarin banki. Abin da aka bar masa jingina shi ne sunan mai saye: an san ubansa, an san gidansu a Galma Kudawace ko Sabon Gida, an san bara ya biya, bara waccan ma ya biya. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma littafin da ya fitar a 1969 ya nuna cewa cinikin shanu da goro na Hausawan can gaba ɗaya yana tsaye ne a kan masu gida da dillalan da suka san wa ke biyan bashi, wa ke cinyewa. Abin da ya ɗauke shi watanni yana nazari, kowane yaron tasha a Adar ya san shi tun yana ƙarami. Ɗan kasuwa na iya karyewa ya tashi idan sunansa na nan. Idan sunan ya zube, ko da rumbunsa cike yake, babu mai ɗaga masa buhu ɗaya sai da kuɗi hannu.

Haka ma'aikaci. Albashinsa ƙanƙane ne, amma akwai wata takarda da ke binsa daga ranar da aka ɗauke shi aiki har ranar da ya yi ritaya, wato dosiyensa. Abin da aka rubuta a ciki, gaskiya ko sharri, shi ke yanke ko za a ƙara masa girma, ko a mance da shi a ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Zamanin ƴan rahoto

Dattawa ba su manta da lokacin da ake rage murya idan za a ambaci gwamnati ba. Tun zamanin jam'iyya ɗaya ta Diori Hamani, lokacin farautar ƴan Sawaba, har zuwa mulkin soja na Seyni Kunce daga 1974 zuwa 1987, akwai ofishin da ake kira BCL, ƴan sandan siyasa, wanda aikinsa shi ne sanin abin da mutane ke faɗa a tasha, a majalisar shayi, a ɗakin malamai. Shugabansa da ya fi shahara, Amadu Umaru da ake kira Bonkano, ya tara asirin kowa, har a watan Oktoba na 1983 ya nemi kifar da maigidan nasa da kansa. Sai da aka zo Babban Taron Ƙasa na 1991, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, aka kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, ga kuma jaridu masu zaman kansu irin su Haske da Le Républicain da suka riga suka fito, sannan mutane suka fara faɗin abin da ya same su da babbar murya.

Amma a duba irin wahalar da ɗan rahoton wancan zamani yake sha. Kafin ya san da wa Alhaji ke hulɗa, nawa ake binsa, ina ya kwana ranar kasuwar Tunfafi, wace jam'iyya zuciyarsa ke so, sai ya yi watanni yana laɓe, yana sayen shayi, yana ba yara kuɗin goro. Yau duk waɗannan amsoshi suna cikin aljihun Alhaji, a cikin wani ɗan ƙarfe da shi da kansa ya saya da kuɗinsa, kuma shi ke biyan kuɗin cajinsa. Wayar ta san sunayen abokan cinikinsa da lambobinsu. Ta san kuɗin da ya aika da wanda ya karɓa. Kamfanin sadarwa ya san a ƙarƙashin wace eriya wayar ta kwana, don haka ya san garin da mai ita ya kwana. Ga hotunan iyali, ga hoton takardar fili, ga muryarsa yana faɗa da ƙanensa kan gado. Abin da Bonkano bai taɓa mafarkin samu ba, yanzu ana barinsa a rumfar mai caji tun safe har la'asar, ba tare da kulle ba.

Sunan wa ke kan layin?

Rajistar mutane ta shigo ƙauyukan jihar Tawa ta ƙofofi da yawa, kuma kowace ƙofa da dalilinta mai kyau. A yunwar 2010, ƙungiyar Concern ta raba wa iyalai tallafin kuɗi ta wayar salula a ƙauyuka da dama na wannan jiha, abin da ya zama ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na irinsa a Afirka. Tun daga lokacin, kowane shiri na agaji da ya sauka a Buza ko Keita yana zuwa da jerinsa: sunan mai gida, yawan matansa da ƴaƴansa, awaki nawa, gona nawa, sau nawa ake ɗora tukunya a rana. A ƙarshen 2013 hukumar kula da sadarwa ta rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan wayar ƙasar saboda ba a yi musu rajista da sunan kowa ba. Kafin zaɓen 2020, hukumar CENI ta ɗauki hoto da zanen yatsun masu zaɓe sama da miliyan 7. Ba a cewa kada a yi waɗannan ayyuka. Tambayar da ba a saba yi ba ita ce: bayan shirin ya ƙare, motocin sun koma Yamai, ina jerin yake kwana, wa ke da makullinsa? Magidancin da ya yarda aka rubuta shi cikin marasa ƙarfi a shekarar fari domin ya ceci ƴaƴansa, bai yarda a karanta wannan takarda ranar da ya je neman wa ɗansa aure ba.

Akwai kuma wani alheri da ke jawo wa mai shi bala'i, kuma ƴan kasuwa da malaman lakwal su suka fi faɗawa cikinsa. Mutane da yawa a karkara ba su da katin ɗan ƙasa, wasu ko takardar haihuwa ba su da ita. Sai a zo wurin mai shago ko wurin mushe a ce ya ara katinsa a buɗe wa maƙwabci layi. Ya ba da, don kunya da zumunci. Bayan shekara biyu maƙwabcin ya tafi bida Libiya ko Abijan, ya bar wa wani sim ɗin, wancan ya sayar da wayar da sim a ciki. A wajen kamfani da wajen hukuma, layin yana nan da sunan mai shago. A yankin da ke kusa da iyaka, inda ƙauyukan Bangi suka san abin da ake kira satar mutane don kuɗin fansa, ba sai an yi dogon bayani ba: ranar da aka yi amfani da wannan layi aka kira dangin wanda aka sace, sunan da zai fito a takardar jandarmomi shi ne na mai katin. Zai iya wanke kansa daga baya, amma kasuwa ta riga ta ga an sa shi a mota.

Haka fotokopin katin. Ana barinsa a wurin aika kuɗi, a wurin neman aiki, a hannun wanda ya ce zai samo wa mutum taki ko biza. Takarda ce guda, amma da ita ake buɗe layi, da ita ake karɓar kuɗi da sunan wani. Wanda ya saba da biro ya san dabara mai sauƙi: a rubuta da bik a kan fotokopin, ta kan hoton da rubutun, dalilin da ya sa aka ba da shi da kwanan wata, yadda ba zai yi amfani a wani wuri ba. Kuma duk wanda ya san ya taɓa ara wa wani katinsa, ya kamata ya je ofishin kamfanin ya nemi a gaya masa layuka nawa ke ɗauke da sunansa, a rufe waɗanda bai san inda suke ba.

Maroƙi da saƙon murya

Ɓata suna ba salula ta kawo shi ba. Ƙasar Hausa ta san zambo da habaici tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera waya. Amma zambon maroƙi yana da iyaka. Ana yinsa a fili, an san mai yinsa, ana iya aika masa da riga ya yi shiru, kuma idan kasuwa ta watse maganar tana raguwa har ta mutu. Saƙon murya na WhatsApp ba ya tsufa. Yadda aka faɗe shi cikin fushi ranar Talata, haka zai fito da zafinsa bayan shekara uku, a kunnen wanda bai san an riga an shirya ba.

A ɗauki misalin mai sayen albasa daga Galma wanda motarsa ta makale a kan iyaka, kaya suka ruɓe, ya yi jinkirin biya. Ɗaya daga cikin masu binsa ya ɗauki waya ya yi magana ta minti biyu a zauren ƴan garinsu, ya kira shi maci amana. A cikin zauren akwai ɗan garin da ke Abijan, akwai wanda ke kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, inda aka mayar da ƴan albasar Akra a 2021. Kafin magariba saƙon ya isa kunnen mai gidan da ke saukar da shi a Gana. Bayan sati biyu ya biya bashin har da ban haƙuri, amma biyan an yi shi ne a zaure tsakanin mutum uku, zagin kuwa an yi shi gaban ɗaruruwa. Kamfanin WhatsApp yana alfahari cewa tun 2016 saƙonninsa a rufe suke, ko shi kansa ba ya iya karanta su a hanya. Gaskiya ne, sai dai rufin yana ƙarewa ne a wayar wanda aka aika wa, kuma daga nan yatsa ɗaya ya isa. A 2019 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Biyar sau biyar sau biyar, ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa lissafin.

Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana. A 2007 wani hoton bidiyo na sirri na wata ƴar fim ya fita a Kano, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya tun kafin a san WhatsApp, har hukumar tace finafinai ta jihar ta dakatar da ɗaukar fim na watanni, dubban mutane suka rasa abin yi. Sunanta ba zai fito a wannan magana ba, domin an ambace shi fiye da kima, alhali waɗanda suka yaɗa hoton babu wanda ya riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu. Daga baya kuma aka samu kamfanonin ba da bashi ta waya a Najeriya, waɗanda sharaɗinsu shi ne mai karɓar bashi ya ba su izinin shiga jerin lambobin wayarsa. Ranar da ya yi jinkiri, sai surukinsa da limaminsu da shugabansa na aiki su samu saƙo cewa wane ɓarawo ne. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar ɗaya daga cikinsu, Soko Lending, naira miliyan 10 kan wannan ɗabi'a, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Ɗan kasuwar Madawa da ke da layin Najeriya don cinikin Illela da Sakkwato, wannan tarko bai yi masa nisa ba.

Turawa ma sun yi shari'a a kan tsohon bashi. Wani mutumin Spain, Mario Costeja González, an buga sanarwar gwanjon gidansa a jaridar La Vanguardia a 1998 saboda bashin hukuma. Ya biya, shekaru suka wuce, amma duk wanda ya rubuta sunansa a Google sai sanarwar ta fito. Ranar 13 ga Mayun 2014 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya, ta ce mutum na da haƙƙin a cire irin wannan tsohon labari daga sakamakon bincike idan ya daina amfanar kowa. Abin dariyar shi ne, yau duniya duka ta san Costeja da wannan bashin da ya so a manta. Kuma hukuncin ya shafi injin bincike ne. Babu kotun da za ta shiga wayoyi dubu a Adar ta goge saƙon murya.

Doka mai kaifi biyu

Nijar tana da doka a kan wannan al'amari, ko da yake kaɗan ne suka san da ita. Asalin irinta daga Faransa ne. A watan Maris na 1974 jaridar Le Monde ta tona wani shiri na gwamnati mai suna SAFARI, na haɗa dukan dosiyoyin ɗan ƙasa a ƙarƙashin lamba ɗaya. Hayaniyar da ta biyo baya ita ta haifi dokar 6 ga Janairun 1978 da hukumar CNIL. A lura: ɗan jarida ne ya fara kare asirin talaka daga gwamnati. A wannan yanki, ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar ta fice daga cikinta a Janairun 2025, ta amince da ƙa'ida a kan bayanan mutane a 2010, Tarayyar Afirka kuma ta yi yarjejeniyar Malabo a 2014. Nijar ta yi dokarta ta farko ranar 3 ga Mayun 2017, ta sake ta da doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamban 2022, kuma akwai hukuma a Yamai, HAPDP, da aka ɗora wa tsaron wannan haƙƙi.

Abin da dokar ta ba ɗan ƙasa ba ƙarami ba ne. Duk wanda zai rubuta bayanan mutum, kamfani ne ko ƙungiya ko ofishin gwamnati, wajibi ne ya gaya masa dalili, kuma kada ya yi amfani da su a wani abin daban. Mutum na da ikon ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta a kansa, a gyara kuskure, a goge abin da bai kamata a riƙe ba. Bayanan lafiya, addini, ƙabila da ra'ayin siyasa suna da kariya ta musamman. A takarda, abin ya yi kyau. Amma tsakanin Madawa da Yamai akwai kusan kilomita 500, dokar da Faransanci aka rubuta ta, kuma tsohuwar da aka ɗauki zanen yatsanta don buhun gero ba ta taɓa jin cewa tana da ikon tambaya ba. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, a aljihun ma'aikacin da ya sani yake zaune.

Doka ta biyu ita ce wadda kowa ya ji labarinta, domin ita ke kai mutane kaso: dokar 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet. Ta hukunta ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura, da kuma yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. Ga ɗan kasuwar da aka kira ɓarawo a zaure, wannan doka makami ce, kuma yana da ikon ya kai ƙara. Amma a duba waɗanda aka fara gwada kaifinta a kansu. A watan Yunin 2020 aka kama ƴar jarida Samira Sabu bisa ƙarar ɗan shugaban ƙasa na lokacin, Sani Mahamadu Isufu, kan wani rubutu da ta yi a Facebook game da binciken kuɗin sayen makamai na ma'aikatar tsaro. Ita ba ta ambaci sunansa ba, wani ne ya ambace shi a ƙarƙashin rubutun nata. Ta yi kwana 48 a gidan kaso kafin kotu ta sallame ta a ƙarshen Yuli. A Janairun 2022 ita da Musa Aksar na jaridar L'Événement suka samu hukuncin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka saboda sun sake yaɗa rahoton wata ƙungiyar waje kan fataucin ƙwaya. Darasi biyu ke nan ga duk mai zaure ko shafi: abin da wani ya rubuta a ƙarƙashin sunan mutum na iya zama nasa, kuma cewa «turo mini aka yi» ba ta fid da kowa.

A 2022, zamanin Mohamed Bazum, majalisar dokoki ta cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi, ta bar tara. A watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta Janar Abdurahman Tiani ta mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 a kaso da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ke ta da hankalin jama'a. Tun 2020 akwai dokar da ta ba hukuma damar sauraron sadarwar mutane da sunan tsaron ƙasa, kuma a ƙarshen Agustan 2024 aka kafa wani kundi na waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, wanda shiga cikinsa kan iya kai ga ƙwace wa mutum zama ɗan ƙasa. Ƙasar da ke cikin yaƙi tana da hujjar sa ido, babu mai musun wannan. Amma gwamnatoci uku sun taɓa dokar 2019, farar hula da soja, kuma shari'o'in da suka yi suna a ƙarƙashinta na manya ne da ƴan jarida. Mutuncin minista da mutuncin mai tallan albasa, a idon doka nauyinsu ɗaya ne. Kuma rufin asiri haƙƙin mutum ne a kan gidansa, cutarsa da bashinsa. Wanda aka ba amanar kuɗin jama'a ba zai fake da shi ya hana a tambaye shi inda kuɗin suka shiga ba.

Ma'aikaci yana tsaye a wuri mai santsi, domin shi ne mai riƙe da asirin wasu, kuma shi ne wanda nasa asirin ya fi saurin fita. Dokar aikin gwamnati ta ɗora masa riƙe sirrin aiki da kame baki. Duk da haka, takardar canjin wurin aiki takan iso WhatsApp kafin ta iso hannun mai ita. Ma'aikacin asibiti ya ɗauki hoton rajistar masu jinya don ya aika wa shugabansa rahoto cikin sauri, hoton ya zauna a wayar da ƴaƴansa ke wasa da ita da dare. Malami ya sa sakamakon jarrabawa da sunayen yara a zauren da rabin mutanen cikinsa ba iyaye ba ne. Babu mugun nufi a ciki, sauƙi ne kawai, amma matar da ƙauye ya san cutarta ta wannan hanya ba za ta sake taka ƙofar asibitin ba. Malaman addini sun riga doka: Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da yi da su, ta umarci a bincika labari kafin a ɗauke shi, Suratun Nur kuma ta sa hukunci mai tsanani a kan ƙazafi.

Sauran abin da ya rage aikin hannu ne, kuma ba ya bukatar digiri. Waya ta samu kulle, lambar sirri ta asusun kuɗi kuma kada ta zama shekarar haihuwa ko 1234. Alhajin da yaronsa ke karanta masa saƙo ya san cewa yaron ya san komai, don haka ranar da suka rabu a canza lambobin kafin yaron ya kai tasha. Kafin a kai waya gyara, a cire sim da katin ajiya. Kafin a sayar da ita, a share ta gaba ɗaya. Akwai wata zamba da ta cinye mutane da yawa: saƙo ya shigo da lambobi shida, sai wani ya kira, da muryar ladabi, ya ce kuskure ne a karanto masa. Waɗannan lambobi su ne makullin WhatsApp na mai wayar. Wanda ya karɓe su zai zama shi, ya bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya yana cewa mota ta lalace a hanya a turo kuɗi. Maganinta yana cikin manhajar kanta, inda ake sa lambar sirri ta biyu. Yanzu kuma da na'ura ke iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙonsa, jin murya ya daina zama shaida: duk roƙon kuɗi na gaggawa, a kashe a kira mutumin a lambar da aka sani, a tambaye shi abin da shi kaɗai zai iya amsawa.

Wanda aka riga aka ɓata wa suna, kada ya rama da nasa saƙon cikin fushi, domin a gaban alƙali zagi biyu laifi biyu ne. Ya adana saƙon, da lambar wanda ya fara sa shi, da ranar, da sunan zauren, tun kafin a goge. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a rigingimun ciniki da na zaman tare, kuma sau da yawa zaman ƙofar hakimi ya fi kotun Madawa sauri da rufin asiri. Sai dai sharaɗin sulhun ya dace da zamani: wanda ya yi zagin ya janye shi da muryarsa, a zauren da ya yi shi, ya kuma nemi waɗanda suka tura su tura janyewar. Idan ya ƙi, hanyar kotu a buɗe take.

Akwai wani abu na ƙarshe da ya shafi ƙasar ƴan bida musamman. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Saurayin Keita da ya yi shekara biyu a Libiya, ko dattijon da Allah ya yi wa rasuwa, lambarsa tana nan a wayoyin abokan cinikinsa da sunansa, tana nan a zaurukan gari, alhali wani baƙo ne ke riƙe da ita, yana jin duk abin da ake faɗa, kuma yana iya karɓar kuɗin da aka aiko da sunan mai ita na farko. Mai tafiya ya mayar da asusunsa kan sabuwar lambarsa kafin ya bar tsohuwar, ya sanar da mutanensa. Magada kuma, a ranar da suke lissafin gona da awaki da bashin mamaci, su sa wayarsa da layinsa cikin lissafin: a kwashe abin da ke asusun, a fitar da lambar daga zauruka, a je kamfani a rufe ta ko a mayar da ita sunan wani daga cikinsu.